Wai da gaske Sinawa ne suka ce sanda ke fitar da ɗan kirki?

Ɗan_Dala

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani karin magana da ake yawo da shi, ana cewa na Sinawa ne: "A ƙarƙashin sanda ake samun ɗa mai biyayya." Masu kafa hujja da shi suna cewa shi ne sirrin tarbiyyar ƙasar Sin, wasu har suna jingina shi ga Kwanfushiyas, babban malaminsu na da. Ina tambayar waɗanda suka karanci al'adun mutanen nan: maganar tasu ce kuwa? In tasu ce, wa ya faɗe ta? Kuma yaya ta zauna da ɗaya maganar da aka ce yaransu na haddacewa, wai mutum da kyakkyawar ɗabi'a ake haihuwarsa? In asalin yaro mai kyau ne, sandar ta mece ce?

Mai_Alƙalami

Wa alaikumus salam Malam. Tasu ce, kowane Basine ya san ta. A bakinsu "gunbang dixia chu xiaozi" ake cewa: gunbang sanda ko kulki, dixia ƙarƙashi, chu fitowa, kalmar ƙarshe kuma, wadda ake furtawa kamar shiyaozi, ɗa mai kyautata wa iyaye. Sai dai jingina ta ga Kwanfushiyas ƙage ne. Ka bi Lunyu, littafin da almajiransa suka tara zantukansa bayan rasuwarsa a shekarar 479 kafin Miladiyya, tun daga farko har ƙarshe ba za ka same ta ba. Irin maganar da suke kira suyu ce, wato zancen kasuwa da tsakar gida. Tana da ƙannai: "in ba duka, ba a zama abin amfani", da kuma "duka kusanci ne, faɗa ƙauna ce".

Abin da ya fi kama da ita a tsofaffin littattafai yana wurin Han Fei, wanda ya rasu a 233 kafin Miladiyya: gida mai tsanani ba shi da bawa mai taurin kai, uwa mai sanyin hali kuwa ita ce da lalataccen ɗa. Daga nan aka samo gorin da har yau ake yi wa iyaye mata, "uwa mai tausayi, 'ya'ya lalatattu". To amma Han Fei abokin hamayyar mabiya Kwanfushiyas ne, kuma ba darasin reno yake bayarwa ba. Sarki yake so ya gamsar cewa da doka da horo ake riƙe ƙasa, sai ya ɗauko gida ya buga misali.

Ummu_Hafsa

Ni maganar Han Fei ta fi yi mini kama da tamu, ka ƙi naka duniya ta so shi. Mu ma ai ba cewa muka yi ka doke shi ba. Nufinmu kada son da kake masa ya hana ka tsawata masa.

Almajirin_Tarihi

Bari in ɗauki ɓangare na biyu na tambayar. Layin da yara ke haddacewa shi ne mabuɗin Sanzijing, ɗan littafin koyon karatu da aka tsara harafi uku-uku don ya yi daɗin rerawa, wanda aka fi dangantawa ga Wang Yinglin na ƙarni na 13. "Ren zhi chu, xing ben shan": mutum a farkonsa, ɗabi'arsa mai kyau ce. Ra'ayin Mengzi ke nan, malami mai bin tafarkin Kwanfushiyas, wanda ya rayu daga 372 zuwa 289 kafin Miladiyya. Hujjarsa ita ce, duk wanda ya ga jariri na rarrafe zai faɗa rijiya, gabansa zai faɗi nan take, ba don ya san iyayen yaron ba, ba don a yabe shi ba.

Amma a lura da kalmar da ya zaɓa. Bai ce ana haihuwar mutum da cikakken kirki ba, cewa ya yi da tsiro huɗu ake haihuwarsa: tausayi, jin kunya, ba wani wuri, da rarrabe daidai da kuskure. Tsiro kuwa yana mutuwa ta hanya biyu. Ta farko sakaci. Ya ba da misalin Dutsen Sa, wanda da yake cike da itatuwa, masu gatari suka sare, duk abin da ya sake toho da dare shanu da awaki su cinye da safe, har mutane suka ɗauka dama can ƙwalƙwal yake. Ta biyu gaggawa: wani manomi a ƙasar Song ya ga shukarsa ba ta tsawo, ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ja sama, ya koma gida yana cewa yau ya gaji don ya taya shuka girma. Ɗansa ya ruga gona ya tarar duk ta bushe. Har yau Sinawa da wannan labarin suke yi wa iyaye masu matsa wa yara lamba hannunka-mai-sanda.

Wanda ya saɓa wa Mengzi shi ne Shunzi, na ƙarni na 3 kafin Miladiyya (ba Sunzi mai littafin dabarun yaƙi ba). Shi cewa ya yi ɗabi'ar mutum mummuna ce, kirkin da ka gani a jikinsa ƙerawa aka yi. Ana haihuwar mutum da son riba da hassada da kwaɗayin ido da kunne. Karkataccen katako sai an turara shi an matse shi a jikin madaidaicin katako kafin ya miƙe, dakusasshiyar wuƙa sai an wasa. Han Fei almajirinsa ne. Saboda haka maganar sanda ta fi kusa da wannan gidan, ko da yake kayan aikin da Shunzi ya ambata malami ne da ladubba.

Bazazzagiya

Ƙarin bayani kaɗan Malam Almajiri. Layi na biyu na Sanzijing, "ɗabi'u kusa suke da juna, sabo ne ke nesanta su", shi ne na Kwanfushiyas, yana babi na 17 na Lunyu. Shi bai ce mai kyau ba, bai ce mummuna ba. Mai littafin ne ya ɗora maganar Mengzi a kan tasa, sai yara suka taso suna jin kamar baki ɗaya ya faɗe su.

Kuma ga wurin da Malam Ɗan_Dala zai so ya gani, layuka kaɗan a gaba: "a ciyar ba a koyar ba, laifin uba ne, a koyar ba da tsanani ba, lalacin malami ne." Laifin a wuyan manya aka rataya shi. Kalmar tsanani a nan ita ce yan, wadda ke nufin tsare gida da rashin sassauta ƙa'ida.

MalamBuba

Akwai layin da ake yawan fassarawa ba daidai ba a wannan littafin: "yu bu zhuo, bu cheng qi", dutsen yu in ba a gyara shi ba, ba ya zama abin amfani. Masu son duka suna karanta shi kamar an ce a sa guduma. Wanda ya san aikin dutsen ya san guduma ɓarna take yi. Yu dutse ne mai daraja, fari ko kore, mafi shahara daga Hotan ake kawo shi, kuma wuƙar ƙarfe ta da ba ta yanka shi. Yadda ake yi shi ne, mai aikin zai fara juya dutsen a hannu yana neman tsaga da jijiya da inda launi ya sauya, don siffar da za a fitar sai ta bi abin da dutsen ya zo da shi. Daga nan ya zauna a kan wani benci mai mataki biyu, yana takawa wani faifan ƙarfe na juyawa gaba da baya, hannu ɗaya riƙe da dutsen, ɗayan yana ɗebo jiƙaƙƙen yashi mai kaifi yana shafawa a bakin faifan. Yashin ke cin dutsen, faifan ɗaukarsa kawai yake yi. Ana farawa da yashi mai gautsi, a koma mai laushi, a ƙare da gogewa. In aka danna da ƙarfi, ko ruwa ya ƙafe dutsen ya yi zafi, sai ya tsage ta jijiyarsa, aikin watanni ya tafi. Wannan shi ne hoton da ke kan Basine na da in an ce masa a gyara yaro kamar yu.

Gobirawa77

Ku yi haƙuri malamai, amma ina ga ana wanke mutanen nan fiye da kima. Littafi daban, doka daban, kuma doka ce ke nuna abin da al'umma ta yarda da shi. A kundin dokokin daular Tang na shekarar 653, rashin biyayya ga iyaye yana cikin manyan laifuffuka goma. Ɗan da ya zagi mahaifinsa ko mahaifiyarsa, shaƙewa. Wanda ya doke su, fille kai. Wanda ya ware gidansa da dukiyarsa alhali iyaye na raye, bautar shekara uku. To juya ta ɗaya gefen: uban da ya doki ɗansa har ya mutu saboda ya ƙi bin umarni, shekara ɗaya da rabi. In da makami ne, shekara biyu. Ku auna wannan ma'aunin.

A makarantun gargajiya kuma kowane malami yana da jiechi a kan teburinsa, wani faffaɗan katako da ake zabga wa yaro a tafin hannu in ya kasa kawo hadda. Karin maganar sanda ba daga sama ya faɗo ba. Ya bayyana rayuwar da aka yi fiye da yadda Mengzi ya bayyana ta.

Mai_Alƙalami

Gaskiyarka Malam Gobirawa, dokar haka take, ba mai musu. An yi duka, an kuma halatta shi. Abin da nake ja a kai shi ne a ce malamansu sun bar shi ba iyaka. Ga labarin Zengzi, almajirin Kwanfushiyas, wanda shi ne ma ake kafa misali da shi wajen biyayya. Yana noma a gonar guna ta mahaifinsa, fartanya ta kuskure ta yanke saiwar wata shuka. Uban ya ɗauko ƙatuwar sanda ya maka masa a baya, ya faɗi sumamme. Da ya farfaɗo sai ya je ya tambayi uban ko bai ji ciwo ba garin dukan, ya shiga ɗaki ya ɗauki molonsa yana kaɗawa yana waƙa don uban ya ji cewa lafiyarsa lau. Yana zaton ya yi abin yabo. Da labari ya kai wa Kwanfushiyas sai ya yi fushi, ya ce wa almajirai in Zengzi ya zo kada a bar shi ya shigo. Dalilinsa: da ka mutu a ƙarƙashin sandar nan, da ka jefa mahaifinka cikin laifin kisan kai, wace rashin biyayya ta fi wannan? Daga nan aka samo ƙa'idar "ƙaramar bulala ka tsaya, babbar sanda ka gudu."

Gobirawa77

Na san labarin. Amma ka lura wa aka yi wa faɗa: yaron da aka suma. Uban ba wanda ya ce masa kanzil.

Hajiya_Mai_Makaranta

Wannan kuma magana ce mai nauyi, Malam Gobirawa. Sai dai akwai waɗanda suka yi wa iyayen magana kai tsaye, kuma su ne suka fi amfani ga mai reno.

Yan Jitui, na ƙarni na 6, ya rubuta wa 'ya'yansa littafin wasiyyar gida. Bai haramta bulala ba, ya kwatanta ta da magani mai ɗaci da ake ba mara lafiya ba don ana so ba. Amma inda ya fi tsayawa shi ne yadda abin ke lalacewa, kuma ya bi shi daki-daki. Yaro na ƙarami ana barinsa ya ci abin da ya so, ya yi abin da ya so. Inda ya kamata a hana sai a yaba, inda ya kamata a tsawata sai a yi dariya. Yaron ya taso yana ganin haka duniya take. Sai ya girma, girman kai ya zauna, sannan iyaye su farka su ɗauki sanda. Ya ce a lokacin ko dukan mutuwa za a yi masa ba ya ƙara wa uba kwarjini, fushin kullum kuma ƙiyayya kawai yake haifarwa. Shi ya sa ya kawo karin maganar zamaninsa, "amarya tun zuwanta ake koya mata, ɗa tun yana jariri." Mu muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sharaɗinsa ga iyaye kuwa biyu ne a haɗe, kwarjini da tausayi.

Sai Lu Kun na daular Ming, wanda ya rasu a 1618. Ya lissafa lokuta bakwai da ba a yi wa na ƙasa faɗa ko da ya yi laifi: a gaban jama'a, bayan ya riga ya ji kunya ya yi nadama, da dare, yana cikin cin abinci, yana cikin murna, yana cikin baƙin ciki, da kuma yana rashin lafiya. Duk mai kula da yara ya gwada cire waɗannan bakwai ɗin daga yini ya ga abin da ya rage. Dole ka jira, jiran kuma shi ke sa fushi ya huce kafin ka buɗe baki.

Ɗan_Damagaram

Hajiya, na farkon ya ci karo da wani karin maganar nasu: "ɗa a gaban mutane ake koya masa, mata a bayan idon mutane." Suna ganin uban da ya tsawata wa ɗansa a gaban baƙi ya nuna gidansa na da tsari. Ga malami ya ce kada a yi, ga tsakar gida ta ce a yi.

Hajiya_Mai_Makaranta

Haka ne ɗana. Kuma na tsakar gidan ya fi yawo a baki.

Dattijon_Birni

Akwai abin da ban ga an taɓo ba, kuma a ganina ya fi komai kusa da mu. An tambayi Mengzi me ya sa mutumin kirki ba ya koyar da ɗansa da kansa. Ya ce abin ba ya yiwuwa. Mai koyarwa dole ya tsaya a kan daidai, in yaro bai bi ba sai fushi ya biyo baya, in fushi ya zo sai yaro ya ce a ransa, kai da kake koya mini daidai ai kai ma ba a kan daidai kake ba. Shi ke nan uba da ɗa sun ɓata. Ya ce shi ya sa mutanen da suke musayar 'ya'ya, kowa ya koyar da na wani. Kwanfushiyas kansa nesa-nesa ya yi da ɗansa Boyu. Wani almajiri ya tambayi Boyu ko akwai wani karatu na musamman da ake ba shi a gida, ya ce babu, sau biyu dai yana wucewa ta tsakar gida uban ya tsayar da shi, ya tambaye shi ko ya karanta waƙoƙi, wani karon ko ya karanta ladubba.

Mu ma mun san riƙo. A ba kawu ko gwaggo yaro, ko a kai shi wurin malam a wani gari. Ga kuma kunyar ɗan fari.

Ummu_Hafsa

Baba, riƙo na yarda. Kunyar ɗan fari kuwa ina ga daban take, don ita ba dabarar koyarwa ba ce, kunya ce kawai, uwa ko sunansa ba ta faɗa. Tambayata ita ce, wannan shiyao na cikin kalmar shiyaozi, da ake ta fassarawa da biyayya, biyayyar ce kawai?

Bazazzagiya

Ta fi biyayya faɗi, Yaya. Harafin kansa sama da ƙasa ne: saman an ɗauko shi daga harafin tsoho, ƙasan harafin ɗa ne, kamar ɗa ya goyi tsoho. Da aka tambayi Kwanfushiyas, ya ce mutanen yanzu sun ɗauka ciyar da iyaye shi ne shiyao, alhali karnuka da dawaki ma ana ciyar da su. In ba girmamawa, ina bambancin? Wani ya sake tambaya, ya ba shi amsa da harafi biyu, "se nan", fuska ce mai wuya. Wato ɗaukar musu aiki da miƙa musu abinci mai sauƙi ne, sakin fuska yayin da kake yi shi ne aikin. Ya kuma ce dole ɗa ya san shekarun iyayensa, don ya yi murna ta wani gefen, ya ji tsoro ta wani gefen. In suna raye kada ya yi tafiya mai nisa, in ta kama dole a san inda ya nufa.

Mengzi ya lissafa abu biyar da jama'a ke kira rashin shiyao: lalaci har ka kasa kula da iyaye, caca da giya, son dukiya da fifita mata da 'ya'ya a kansu, bin sha'awa har ka jawo musu abin kunya, da son faɗa har ka jefa su cikin haɗari. Ka ga babu "ƙin bin umarni" a ciki.

Malam_Na_Zaure

A kan umarni, littafin Shiyaojing, wanda gaba ɗayansa a kan wannan batu yake, yana da babi guda a kan yi wa na gaba nasiha. Zengzi ya tambaya ko bin umarnin uba shi ne shiyao, aka amsa masa da "wace irin magana ce wannan?" har sau biyu, aka ce uban da ke da ɗa mai ja da shi ba ya faɗawa cikin zalunci. Shunzi ma, duk da tsananinsa, ya ce a bi gaskiya ba a bi uba ba. Yadda ake yi kuma yana Lunyu: ka yi nasihar a hankali, in ka ga ba a karɓa ba ka ci gaba da girmamawa, kada ka bar matsayinka, kada ka yi gunaguni. Musulmi zai tuna ayar Suratu Luƙman, kada ka bi su a kan shirka amma ka zauna da su da kyautatawa. "Fuska ce mai wuya" kuma ta tuna mini hanin cewa "uf" a Suratul Isra'i.

Amma kada kamannin ya rufe mana ido. Shiyao ba ya tsayawa a kan iyaye masu rai, ya haɗa da miƙa abinci da turare ga kakannin da suka mutu, a gida da kuma a kaburbura lokacin bikin Chingming a farkon Afrilu. Ta wurin ɗa namiji wannan hidima ke ɗorewa. Shi ya sa Mengzi ya ce mafi girman rashin shiyao shi ne rashin barin magaji. Wannan jumlar ta yi wa mata da 'ya'ya mata nauyi ƙwarai a tarihinsu.

Gobirawa77

To ga inda aka kai abin. A daular Yuwan aka tara labarai 24 na 'ya'ya masu biyayya, aka yi ta zana su ana koya wa yara. Akwai masu daɗi, irin Huwang Shiyang ɗan shekara tara da ke shiga shimfiɗar mahaifinsa da sanyi ya ɗumama ta. Akwai Wu Meng da ke barin sauro ya ƙoshi da jininsa don kada ya ciji iyayensa. Sai Go Ju, talaka, da ya ga mahaifiyarsa na rage abincinta tana ba jikanta, ya ce wa matarsa ɗa ana sake haifa, uwa ba a sakewa, suka ɗauki yaron za su binne. Yana haƙa rami ya ci karo da tukunyar zinariya, yaron ya tsira. Marubuci Lu Shun ya rubuta a 1926 cewa da ya karanta wannan yana yaro, tsoro ya kama shi, don gidansu na talaucewa ga kuma kakarsa tsohuwa. In mahaifinsa ya zama mai biyayya irin Go Ju, shi za a binne, kuma ba lallai a tarar da zinariya ba.

Almajirin_Tarihi

Dalilin wuce gona da irin nan shi ne an mai da shiyao hanyar samun muƙami. Tun shekarar 134 kafin Miladiyya Sarki Wu na daular Han ya umarci kowane lardi ya riƙa gabatar da mutum mai biyayya ga iyaye da mutum mai riƙon amana don a ba su aikin gwamnati. Da abu ya zama na neman aiki sai riya ta shigo. Kafin daular ta faɗi har an yi waƙar zambo: an zaɓi mai ilmi bai iya karatu ba, an zaɓi mai biyayya ubansa na zaune a wani gida.

Zaman makoki ma haka. Ana kiransa na shekara uku, a aikace wata 27 ne, kuma ma'aikaci dole ya ajiye aiki ya koma garinsu. Kwanfushiyas ya kafa shi a kan cewa jariri sai ya shekara uku yake barin ƙirjin iyayensa. A 1577 mahaifin Jang Jujeng ya rasu, lokacin shi ne ke riƙe da gwamnatin Ming don sarki yaro ne. Bai sauka ba, aka ce sarki ya hana shi. Ma'aikatan da suka rubuta suka soki hakan an yi musu bulala a fada.

Inna_Talatu

Ni karin maganarsu da ya fi taɓa ni shi ne "a gaban gadon mai doguwar jinya ba a samun ɗa mai biyayya." Mutanen da suka ce "cikin kyawawan ayyuka ɗari shiyao ne na farko" su ne kuma suka faɗi wannan. Sun san jinya: juya mara lafiya duk bayan awa biyu don kada ya yi gyambon kwanciya, wanki, tashin dare, kuɗin magani, wata da watanni. Suna kuma cewa "a reni ɗa don tsufa, a tara hatsi don yunwa", ba ɓoye-ɓoye.

Yanzu lissafin ya rikice. Dokar haihuwar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015, ta bar gidaje da yawa a tsarin da suke kira 4-2-1: kakanni huɗu, iyaye biyu, yaro ɗaya. Yana ƙarami manya shida ke lallaɓa shi, har ake kiran irinsu ƙananan sarakuna. In ya girma su shidan suna kallonsa, shi kuma yana aiki a wani birni mai nisa. Daga 1 ga Yulin 2013 dokar kare haƙƙin tsofaffi ta wajabta wa 'ya'yan da ba sa zaune da iyaye su riƙa ziyartarsu a kai a kai. Ba ta faɗi sau nawa ba, alƙali ke yankewa. A birnin Wushi kotu ta umarci wata mata ta riƙa zuwa wurin mahaifiyarta aƙalla sau ɗaya a wata biyu.

Ɗan_Dala

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Amma bari in koma kan sandar. Yau a ƙasar Sin ana aiki da karin maganar ko an bar shi?

Hajiya_Mai_Makaranta

A doka an bar shi. Dokar ilmin dole ta 1986 ta hana malamai dukan ɗalibai. Dokar hana cin zarafi a cikin gida ta fara aiki 1 ga Maris 2016, kuma ta shafi yara. Dokar tarbiyyar iyali ta 1 ga Janairun 2022 ta sake hana iyaye amfani da duka. A ƙarshen 2020 ma'aikatar ilmi ta fitar da jerin horon da malami zai iya yi, wanda ya fara aiki a Maris 2021: kiran suna a tsawatar, sa yaro ya ba da haƙuri ko ya rubuta amsa laifinsa, ƙarin aikin aji daidai gwargwado, tsayuwa a cikin aji da ba ta wuce darasi ɗaya ba. A baki kuwa maganar na nan, iyaye na musu a kanta. Tsananin ya fi komawa kan karatu da jarrabawar shiga jami'a ta watan Yuni, abin da suke kira "fatan ɗa ya zama dodon sama".

Kuma sukar ba baƙuwa ba ce. Wang Yangming, wanda ya rasu a 1529, ya rubuta wa malaman yara cewa in ana zane su ana ɗaure su kamar fursunoni, za su ɗauki makaranta kurkuku, malami abokin gaba, su koyi ɓoye-ɓoye da ƙarya don su sami damar wasa.

Gobirawa77

Duk da haka tambayar Malam Ɗan_Dala ta farko tana nan. Su da kansu suna cewa "koguna da duwatsu sa sauya, hali ba ya gusawa", hali zanen dutse ke nan. Suna cewa "a shekara uku ake ganin girma, a bakwai ake ganin tsufa." In haka ne, da sandar da yashin Malam Buba duk wahalar banza ce.

MalamBuba

Suna kuma cewa "mai kusa da jan garura ya yi ja, mai kusa da tawada ya yi baƙi", irin zama da maɗaukin kanwa. Shunzi ya ce shuni daga baba yake fita amma ya fi baba shuɗi, maganar da Sinawa ke faɗa da nufin almajiri na iya wuce malaminsa. Ba a bakin mutum ɗaya aka tara waɗannan maganganu ba. Na "hali ba ya gusawa" an fi faɗarsa a kan babban da aka gaji da shi, ba a kan yaro ba.

Ɗan_Damagaram

Ba wanda ya kawo mahaifiyar Mengzi, wadda ta yi ƙaura sau uku saboda ɗanta.

Bazazzagiya

Ana cewa sau uku, amma a labarin gidaje ne uku, ƙaura biyu. Na farko kusa da maƙabarta, yaron ya riƙa wasan binne gawa. Na biyu kusa da kasuwa, ya koma kwaikwayon masu talla. Na uku kusa da makaranta, ya fara jera kwanonin hidima yana kwaikwayon gaisuwar malamai, a nan ta zauna. Ga Malam Gobirawa kuma, uwar nan ba mai sanyi ba ce. Ran da yaron ya dawo daga makaranta ta tambaye shi ina ya kai a karatu, ya ce yana nan inda yake, tana zaune a gaban masaƙa. Ta ɗauki wuƙa ta yanke zaren da ta daɗe tana saƙawa, saƙar da da ita suke ci. Yaron ya tsorata ya tambaye ta dalili, ta ce barin karatunka kamar yankan nan ne.

Gobirawa77

Na ji wannan, Malama. Amma labarin uwa ne, kuma an rubuta shi ɗaruruwan shekaru bayan Mengzi, a littafin Liu Shiyang na tarihin mata. Ni a kan iyaye maza nake magana, su doka ta ba sandar. Wanda ke da karin maganarsu da ke tsawata wa uba kai tsaye ya kawo.

Mai_Alƙalami

Akwai: "in azarar sama ta karkace, ta ƙasa ma sai ta karkace." A ginin katako irin nasu azarar sama ake ɗorawa da biki, a ɗaura mata jan ƙyalle, don sauran daga gare ta suke ɗaukar saiti. Sai labarin Zengzi da ya zama uba. Matarsa za ta kasuwa yaro na kuka, ta ce ya zauna in ta dawo za a yanka masa alade. Ta dawo ta tarar Zengzi ya kama dabbar zai yanka, ta ce ai wasa take yi wa yaro. Ya ce yaro ba a yi masa irin wannan wasan, bai san komai ba sai abin da ya gani wurin iyayensa, in kin yaudare shi yau kin koya masa yaudara. Ya yanka ya dafa. Wanda ya adana mana labarin nan kuwa Han Fei ne, mai maganar uwa mai tausayi.